Tambaya da Amsa: Doguwar Tafiyar Farko a Ƙaramin Jirgin Sama

Wasiƙun wannan karon galibinsu daga ɗaliban tuƙin jirgi ne da iyayensu, kuma duk a kan mataki guda suke: ranar da ɗalibi zai bar sararin filin da ya saba, ya nufi wani gari shi kaɗai.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, na yi tashin farko ni kaɗai a kewayen fili. Yanzu malamina ya ce in fara shirin doguwar tafiya. Daga ina ake kamawa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Barka da wannan mataki, ɗan'uwa. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ga mai neman lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kansa ita ce awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai, 5 daga cikin goman nan a tafiya tsakanin garuruwa. Dole ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ta kai mil 150 na teku, wato kimanin kilomita 270, tare da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. Duk inda muka ce mil a nan, na teku muke nufi.

Mu ɗauki misali: Zariya zuwa Kano, kimanin mil 74, Kano zuwa Kaduna, kimanin 107, Kaduna zuwa Zariya, kimanin 34. Jimla wajen 215. Shimfiɗa taswirar jiragen sama a tebur tun jajibiri, ka ja layin kowane zango da fensir, ka auna kusurwarsa. Daga Zariya zuwa Kano kusurwar wajen digiri 042 ce, arewa maso gabas. Sai ka zaɓi alamomin ƙasa, ɗaya a duk minti goma zuwa sha biyar. A nan ne yawancin ɗalibai ke yin sakaci. Ƙauye ba alama ba ne, domin daga ƙafa 5,500 ƙauyukanmu duk kamanninsu ɗaya. Ƙaramin rafi ma haka, da rani yashi ne kawai. Nemi abin da babu irinsa biyu a yankin: layin dogo, babban titin Kaduna zuwa Kano, wurin da titi ya ƙetare dogo, dutsen Kufena a gefen Zariya, ruwan madatsar Challawa ta hagunka, na Tiga can nesa ta dama idan gari garau ne. A gaban kowace alama ka rubuta mintin da kake sa ran isa, ka bar gurbi na mintin da ka isa da gaske. Bambancin da ke tsakaninsu shi zai gaya maka abin da iska ke yi da kai.

Tsayin da za ka bi ba son rai ba ne. Mai fuskantar digiri 000 zuwa 179 yana ɗaukar dubban mara da ƙarin ɗari biyar, kamar ƙafa 3,500 ko 5,500. Mai fuskantar 180 zuwa 359 yana ɗaukar 4,500 ko 6,500. Ka miƙa takardar shirin tafiya aƙalla awa ɗaya kafin tashi, kuma ka tuna da agogon duniya na UTC ake rubuta ta, wanda yake bayan agogon Najeriya da awa ɗaya: ƙarfe 8 na safe a wurinmu 0700 ne. Karanta sanarwar NOTAM ta filayen uku, wato sanarwar gargaɗi ga matuƙa, ka duba wuraren soja da taswira ta shata. Wani abin lura a Kaduna: akwai filin jiragen fasinja, akwai kuma na sojan sama a kusa da gari. Ka san fasalin wanda kake nufa da lambar titinsa tun kana ƙasa. Idan ka sauka a zangon ƙarshe, tabbatar an rufe takardar tafiyarka, in ba haka ba za a fara cigiyarka.

Tambaya: Tunda zan cika tankunan taf, mene ne amfanin dogon lissafin mai? Daga wani ɗalibi a Ilori.

Amsa: Amfaninsa shi ne matuƙi ba ya ƙirga mai da galan, da minti yake ƙirgawa. Ƙaramin jirgi Cessna 172 na zamani yana ɗaukar galan 56 na Amurka, amma 53 ne kawai injin zai iya sha. Mu ce yana shan galan 9 a awa, yana gudun mil 100 a awa cikin iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, wato kai tsaye a goshin mai zuwa Kano daga Zariya. Idan ƙarfinta mil 15 ne a awa, gudunka a kan ƙasa ya koma 85, tafiyar minti 44 ta zama 52. Daga Kano zuwa Kaduna tana bayanka, gudu ya zama 115, minti 56. Zangon ƙarshe ta dawo goshi, minti 24. Jimla minti 132, wajen galan 20. Ƙara man ɗumama inji da tafiya a ƙasa sau uku, da na hawa sama sau uku, domin lokacin hawa injin ya fi zuƙa. Ƙara man zuwa wani fili idan na gabanka ya rufe. Sannan ajiyar doka: minti 30 da rana, 45 da dare. Shawararmu ga mai tafiyar farko ita ce ya sauka da man awa guda a tanki, kuma ya ɗauki wannan awa kamar babu ita.

Abubuwa uku ke rushe wannan lissafi. Na farko gejin mai, wanda a ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne; hau kan fiffike, buɗe murfi, tsoma sandar awo, ka gani da idonka, kuma ka murɗe murfin da kyau, domin murfin da bai zauna ba iska na iya zuƙe man ta nan kana tafe ba ka sani ba. Na biyu jar libar da ke daidaita mai da iska. Alkaluman da ke littafin jirgi an rubuta su ne a kan cewa ka ja ta baya yadda aka koya maka bayan ka daidaita a sama. Ka bar ta a cike, jirgin zai sha fiye da abin da ka rubuta. Na uku zaton cewa za ka sha mai a hanya. Ba kowane fili ke da Avgas, fetur ɗin ƙananan jirage, ba, don haka ka buga waya ka tabbatar. Kuma ka san abincin jirginka: Avgas 100LL shuɗi ne, Jet A-1 kuwa fari ne mai warin kananzir, shi wasu ƙananan jiragen Diamond masu injin dizal ke sha. Tatsi mai daga ƙasan kowane tanki a ƙaramin kofi, ka ɗaga shi ga haske. Ruwa ya fi mai nauyi, za ka gan shi ya kwanta a gindin kofin.

Tambaya: An sa mini ranar tafiya a watan Janairu. Abokaina sun ce hunturu ya fi damina sauƙi tunda babu hadari. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Rabin gaskiya ce, 'yar'uwa, kuma rabin da suka bari shi ne mai haɗarin. Doka ta ce mai tuƙi da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 yana buƙatar ganin nisan kilomita 5. Hazon hunturu kan sauko da gani ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage su kasa sauka a Kano. Amma ba irin wannan rana muke ji miki tsoro ba, domin ranar babu malamin da zai sa miki hannu. Ranar da rahoto ya ce kilomita 5 ko 6 ita ce mai ruɗi. A ƙasa komai lafiya, kina hango ƙarshen titin jirgi. Kina hawa ƙafa dubu huɗu sai layin da sama ta haɗu da ƙasa ya ɓace, gabanki ya zama fari fat, ba kya ganin komai sai ɗan da'irar ƙasa da ke ƙarƙashin fiffike. Idan rana na fuskarki abin ya ƙara muni. Da zarar ido ya rasa wannan layi, kunnen ciki kan fara yi wa mutum ƙarya: jirgi ya karkata a hankali, jiki ya ce a miƙe yake. Maganinsa shi ne ki gaskata na'urar da ke nuna karkatar jirgi, ki juya digiri 180 a hankali, ki koma inda kika baro gani mai kyau.

Saboda haka ki karɓi rahoton yanayi na METAR da hasashen yanayi na TAF na filayen uku daga ofishin NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ba na filin tashi kaɗai ba. A cikin rahoton, HZ hazo ne, DU ƙura. Ki dubi rahotannin awa uku da suka wuce a jere, ki ga gani ƙaruwa yake yi ko raguwa. Ƙurar daga arewa maso gabas take gangarowa, don haka abin da ya rufe Kano da safe na iya isa Zariya kafin ki dawo. Ki kafa wa kanki iyaka da ta fi ta doka, misali kilomita 8, ki rubuta ta a takardarki tun daren jiya, lokacin da babu zumuɗi.

Damina kuwa maganarta gajeriya ce: hadari galibi daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma. Ki tashi da sassafe, ki sauka kafin azahar, kuma kada ki kusanci gajimaren tsawa ƙasa da mil 20. Idan jirginki mai kabureta ne, iska mai laima na iya daskarar da ƙanƙara a maƙogwaronta ko da gari da ɗumi. Alamarsa juyin inji ya riƙa raguwa a hankali, sai ki ja libar ɗumama kabureta gaba ɗaya.

Tambaya: Ina da GPS a waya. In na ɓace ba shi ke nan ba? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Riƙe shi, yana da amfani, amma waya a kan dashbod cikin rana kan yi zafi ta kashe kanta, kuma ba ta zaɓar lokacin da ya dace. Taswira, agogo da kamfas su ne tushe. Akwai lissafin ɗaya cikin sittin: kaucewar mil 1 bayan tafiyar mil 60 daidai take da digiri 1. Idan ka yi mil 30 ka ga ka kauce mil 2, kuskurenka digiri 4 ne. A zangon Zariya zuwa Kano saura mil 44, sai ka ƙara wajen digiri 3, ka gyara da 7 gaba ɗaya.

In alama ta ƙi bayyana, kada ka shiga karkace-karkace kana nemanta. Riƙe fuskar da kake kai, dubi agogo, lissafa inda ya kamata ka kasance, ka zana da'ira a taswira. Karanta daga ƙasa zuwa taswira, domin mai karantawa daga taswira zuwa ƙasa kowane titi ya gani sai ya ce nasa ne. Hau sama kaɗan idan gani ya bari, rediyo zai fi kai wa nesa. Sannan ka kira masu kula da zirga-zirgar jirage ka faɗa musu ƙarara cewa ɗalibi ne kai kuma ba ka tabbatar da inda kake ba, tun kana da mai. In ba a amsa ba, mitar gaggawa a rediyo 121.5 ce. A tiransfonda, na'urar da ke aika lambar jirgi ga masu kula da zirga-zirga, 7600 na nufin rediyo ya mutu, 7700 gaggawa.

Tambaya: Ɗana zai yi wannan tafiya cikin watan azumi, kuma ya ce ba zai sha ba. Me za ku ce? Daga wata mahaifiya a Katsina.

Amsa: Hajiya, hukuncin azumin matafiyi na malamai ne, a tambaye su. Abin da ke ɓangarenmu shi ne ɗakin tuƙin ƙaramin jirgi gilashi ne ta ko'ina, galibi ba shi da na'urar sanyi, kuma ƙishirwa da yunwa suna rage kaifin tunani tun kafin mutum ya ji a jikinsa, ga shi aikin da ya fi wuya, wato sauka ta uku, a ƙarshen tafiya yake. Ya nemi malaminsa ya ɗaga ranar zuwa bayan Salla, ba abin kunya ba ne. Duk ranar da zai tafi, ya yi barci isasshe, ya karya, ya ajiye ruwa inda hannunsa zai kai, kuma kada ya sha maganin mura mai sa gyangyaɗi.

Tambaya: An ce tashi daga Jos daban yake. Me ya sa? Daga wani ɗalibi a Bauchi.

Amsa: Filin Jos da ke Heipang yana kan tsayin sama da ƙafa 4,200. A ma'aunin da aka gina littafin jirgi a kai, zafin wannan tsayi wajen digiri 7 ne, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana ƙara wa jirgi kamar ƙafa 120. Ranar da zafi ya kai digiri 30, injin da farfela da fiffike za su yi aiki kamar suna kan ƙafa 7,000: gudun tashi a kan titi ya yi tsawo, hawa ya yi nauyi. Buɗe jadawalin tashi a littafin jirginka, ka sa tsayin da zafin ranar da nauyinka na gaskiya, har da man, wanda galan 53 kaɗai ya kai kilo 144. Kada ka ja hancin jirgi sama don ka ga yana jinkirin hawa. Riƙe gudun hawan da littafi ya rubuta, kuma ka tambayi malaminka yadda ake daidaita jar liba kafin tashi a fili mai tudu.