Amsa ga mai tambaya kan zane da baiti a farautar taska

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, kuma bari in taƙaita ta saboda waɗanda ba su gan ta ba. Ka ce littafin The Secret, na farautar taska wanda Byron Preiss ya wallafa a 1982, ya shigo hannunka, ka ƙura wa ɗaya daga cikin zanukansa ido har ka hango wasu lambobi a ɓoye, sannan ka ci karo da wani ɗango a cikin baitocin wanda kake ganin ya dace da wani birni. Kana son sanin yadda mutum zai bambance alamar da mai littafi ya dasa da gangan da wadda idonsa ya ƙaga masa, da kuma wanda ya kamata a fara da shi tsakanin zanen da baitin. Na shafe sama da shekara goma ina wannan farauta ta zaune, ban taɓa tono komai ba, amma na yi kurakuran da suka ishe ni in ba ka amsa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa fassarar da ta yi daidai tana zuwa da shaidarta, ba ta jiran ka tsaya mata lauya. Babu inda wannan ya fito fili kamar a littafin Masquerade na Kit Williams, wanda ya fito a Ingila a 1979, kuma shi ne ya buɗe wa irin waɗannan littattafai hanya. Williams ya ƙera zomo na zinariya, ya rufe shi cikin ɗan akwatin tangaran domin kada na'urar gano ƙarfe ta tona asirinsa, ya binne shi, ya kuma yi zane goma sha biyar, kowanne da rubutu zagaye da gefensa. Dubban mutane sun yi ta haƙa a wuraren da ba su da wata alaƙa da zomon, kowa da hujjarsa mai daɗin ji. Ashe dabarar guda ɗaya ce tun daga zanen farko har na ƙarshe: a ja layi daga idon kowace halitta da ke cikin zanen, ya ratsa ta kan yatsa mafi tsawo na hannunta ko ƙafarta, ya je ya taɓa wani harafi a rubutun gefe. Haruffan kowane zane sukan ba da kalma ɗaya ko 'yan kalmomi, idan aka jera su kuma sai su zama jimla mai cewa a dubi inda inuwar doguwar yatsar Catherine take faɗawa da tsakar rana a ranar da dare da yini suke daidaita tsawo. Yatsar ita ce gicciyen dutse da aka kafa don tunawa da Catherine ta Aragon, matar farko cikin mata shida da Sarki Henry na takwas ya aura. Abin da ya sa na kawo maka labarin kuwa shi ne, idan ka ɗauki harafin farko na abin da kowane zane ya bayar, haruffa goma sha biyar ɗin sukan haɗu su ce wurin yana dab da Ampthill, garin da gicciyen yake. Duk wanda ya kai nan ba ya bukatar tambayar kowa ko ya dace, domin babu yadda za a yi haɗuwa irin wannan ta zama dace kawai. Wasu malaman kimiyya biyu ne suka warware ta yadda ya kamata a 1982, sai dai wasiƙarsu ta iske an riga an miƙa zomon ga wani wanda ya aiko da ɗan zanen taswira kawai, kuma a 1988 ta bayyana cewa ta bayan fage ya samu labarin wurin.

To, ka ɗora lambobinka a wannan ma'auni. Shin hanyar da ka bi ka fito da su tana aiki a sauran zanukan, ko kuwa a wannan kaɗai? Shin sun kai ka ga wani abu da ba ka sani ba kafin ka fara, ko kuwa sun sake faɗa maka birnin da ka riga ka sa a ranka? Tambaya ta biyun ita ce mai ɗaci, kuma ita ce ta taɓa kayar da ni. Akwai shekarar da na yi wata takwas ina da yaƙinin cewa wani lanƙwasasshen layi a ɗaya daga cikin zanukan da ba a warware ba siffar wani kogi ce. Na cika littafin rubutu guda da hujjoji. Duk ɗangon da ya ƙi shiga sai in ce ai mai littafin salon magana ya yi, wanda ya shiga kuwa sai in ce ga gaskiya ta yi halinta. Ranar da wani abokin farauta ya nemi in rubuta masa ɗangwayen da ban iya fassarawa ba, ba waɗanda na fassara ba, sai na tarar sun fi rabi. Daga baya da na samu bugu mai tsabta na littafin, na ga cewa rabin kogin nawa tabon na'urar kwafi ne a hoton da nake aiki da shi. Kama da wane ba wane ba ne. Tun daga ranar ba na gina komai a kan alamar da sai an faɗaɗa hoto ninki goma kafin a gan ta, domin mai zanen ya yi aikinsa ne don wanda zai riƙe littafi a hannu a 1982, ba don mai kwamfuta ba.

Game da wanda za a fara da shi, amsar ta dogara da halin wanda ya shirya farautar, kuma a littafin da ke hannunka an yi sa'a halin ya bayyana. Byron Preiss ya binne akwati goma sha biyu a Amurka ta Arewa, kowanne da mabuɗi a ciki wanda za a musanya da dutse mai daraja, ya wallafa zane goma sha biyu na John Jude Palencar da waƙa goma sha biyu ba tare da ya faɗi wace waƙa ce abokiyar wane zane ba. Uku aka samu zuwa yanzu: na Shikago a 1983, na Cleveland a 2004, na Boston a 2019. Preiss ya rasu a haɗarin mota a 2005, saboda haka waɗannan ukun su ne malaman da suka rage mana, kuma duka ukun darasi ɗaya suke bayarwa, wato zane shi ne yake kai ka birni, waƙa kuma ita ce take jan ƙafarka idan ka isa. A zanen Cleveland akwai siffar jihar Ohio, akwai inuwar dogon benen nan da birnin ya shahara da shi, akwai kuma lambobin da suke nuna matsayin birnin a layukan taswirar duniya. Waƙar ba ta ambaci sunan birnin ba sam, amma ta kawo sunayen wasu mashahuran Girkawa na dā, Socrates da Pindar da Apelles, waɗanda aka sassaƙa a bangon lambun Girkawa na birnin, kuma a nan aka tono akwatin. A Shikago ma haka: zanen ya ɓoye siffar jihar Illinois da tsohuwar hasumiyar ruwa ta birnin, waƙar kuma ta yi magana da haruffan farko na sunaye, biyu daga ciki na Mozart da Beethoven ne da ke rubuce a jikin zauren kiɗa, ɗaya kuma na mutum-mutumin Lincoln ne da ke zaune a lambun Grant.

Ka lura da abin da wannan yake nufi ga ɗangon da ka samu. Baitocin Preiss bayanin mutum ne da yake tsaye a wuri yana kallon abin da ke gabansa, allo ko shinge ko jerin itatuwa ko rubutu a jikin dutse, shi ya sa daga nesa sukan yi kama da magana mai zurfin falsafa alhali kwatance ne kawai. Ɗango ɗaya zai iya dacewa da birni ashirin. Abin da ba zai iya dacewa da birni ashirin ba shi ne ɗangwaye biyar ko shida a jere, kowanne yana miƙa ka ga na gaba cikin tazarar da mutum zai taka da ƙafa. Saboda haka shawarata ita ce ka bar zanen ya tsayar da birni tukuna, sannan ka gwada dukan waƙoƙin da suka rage a kan birnin, har da waɗanda ba ka so.

Akwai wani ma'auni na uku a littafin wanda sababbin shiga sukan tsallake saboda yana cikin labarin farko, wanda mutane suke ɗauka ado ne. Kowane zane yana da alaƙa da wata al'umma da ta yi ƙaura zuwa Amurka, da wani wata na shekara, da dutsen wannan watan da furensa. Zanen Cleveland na Girkawa ne, ga shi kuwa a lambunsu aka samu akwatin. Na Boston na Italiyawa ne, an kuma same shi a unguwar da aka san ta da Italiyawa. Idan birninka ba shi da wata alaƙa da al'ummar da zanen yake wakilta, sai ka sassauta yaƙini. Haka nan Preiss ya faɗi wuraren da bai binne komai ba, kamar maƙabarta da gadon furanni da duk inda rai zai shiga haɗari, ya kuma ce zurfin bai wuce ƙafa uku da rabi ba. Fassarar da ta kai ka ɗaya daga cikin waɗannan wurare ta faɗi tun kafin a tattauna ta.

Kada dai ka ɗauki wannan tsari ka ɗora wa kowace farauta. A ta mujiyar zinariya ta Faransa, wadda Max Valentin ya shirya a 1993 da zanukan Michel Becker, kacici-kacici goma sha ɗaya ne, kuma aikin farko shi ne gano jerinsu, domin lambobin da ke kansu ma'aunin launukan haske ne, ba lambar shafi ba. Shekara 31 aka yi kafin a same ta a watan Oktoba na 2024, a yankin Dabo, wurin da mafarauta da yawa suka daɗe suna zargi amma suka kasa tsayar da taƙamaiman gurbi. Ta Forrest Fenn kuwa, wadda ya fara a 2010 a tsaunukan Rocky, waƙa ce ɗaya mai ɗango 24 da alamu tara a jere, kuma masu ƙirga haruffa da juya kalmomi sun sha wahalar banza, domin wanda ya samu akwatin a jihar Wyoming a 2020 ya karanta waƙar ne a matsayin maganar dattijo game da wurin da yake ƙauna. Mutum biyar suka rasa ransu a wannan neman, abin da ya sa nake jin tsoron duk wanda ya ce ya tabbata ɗari bisa ɗari.

Ko da birninka ya tabbata, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Fiye da shekara arba'in ke nan da binne akwatunan, itatuwan da aka ƙirga wasu sun faɗi, an sauya shinge, an sake shimfiɗa hanyoyi, an canza wa wasu lambuna suna. Akwatin Boston masu aikin gyaran filin wasa ne suka tono shi da motar haƙa, bayan wani mafarauci ya sanar da su inda yake zato, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da ya tafi cikin tarkace. Don haka taswirar yau ba ta isa ba, sai ka nemi ta farkon shekarun 1980 da tsofaffin hotunan wurin, ka kuma tuna cewa haƙa a lambun gwamnati ba tare da izini ba laifi ne a yawancin biranen nan.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku. A gida na farko ka rubuta alamun da kowa zai gani idan ka nuna masa sau ɗaya ba tare da dogon bayani ba, a na biyu waɗanda sai ka yi bayani kafin a yarda, a na uku kuma duk abin da ke cikin zanen da waƙar wanda fassararka ba ta taɓa ba. Sannan ka ba wani mutum zanen, wanda bai san birnin da kake zato ba, ka tambaye shi lambobin da yake gani a wurin. Idan ya karanto irin naka ba tare da ka yi masa nuni ba, ka duba ko sun faɗa kan layukan taswira na birnin kamar yadda na Cleveland da Shikago suka faɗa. Ka turo mana gida na ukun kafin na farkon, domin daga shi zan fara dubawa.