Amsa kan kariyar da ganyenta ke zubewa

Malama, kin ce ganyen kariyarki na yin rawaya yana zubewa, alhali kullum kina ba ta ruwa. To, ai ruwan ne ya yi mata yawa. Kariya a kumburarren gindinta take ajiye ruwa, shi ya sa ƙasa mai laima ke ruɓar da saiwarta.

Ki danna gindin da yatsa. In da tauri, ki dakata da ban ruwa har ƙasar ta bushe ƙayau. In kuwa ya lotsa, ki tuge ta, ki yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta, ki bar ta a inuwa kwana 3 zuwa 5 wurin yankan ya bushe. Sai ki sake dasa ta cikin ƙasa mai yashi, a tukunya mai huji a ƙasa. Tawa haka na ceto ta, bayan na kusa fid da rai.

Fure kuma sai ta samu rana sosai, kamar awa 6 a yini. Ki kula, ruwan da ke fita in an yanke ta dafi ne. Ki wanke hannu, kada yara su taɓa.