Ina ƙwayar gadon da ke sa alade kitse?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar dabbobi. An ce mana masana sun zana taswirar girma da kitse a jikin aladu. Shin ƙwayar gado guda aka gano? Kuma canza halittar dabbar ake yi?

Amsa: Ɗalibi, ba guda ba ce, kuma ba a canza komai. Bin sawun gado kawai ake yi.

Alade yana da kuromosom 38, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Girma da kitse ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da su ba, ƙwayoyi ne birjik, kowace da ɗan abin da take ƙarawa, ga kuma tasirin abinci da kulawa. A 1994 Leif Andersson da abokan aikinsa a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka fitar da sakamakon wata dabara. Sun haɗa aladen daji na Turai barbara da matan aladun gida nau'in Large White, suka sake haɗa 'ya'yan da juna, aka sami jikoki wajen 200. Na dajin ba ya saurin girma kuma yana tara kitse, na gidan kuwa an daɗe ana zaɓensa don tsoka. A jikin jikokin gadon ya cakuɗe. Sai aka auna nauyin kowanne da kaurin kitsen bayansa, aka duba alamomin da ke kan kuromosom ɗinsa don a san wane yanki ya gado daga wane kaka. Wani yanki a kuromosom na 4 ya fito fili: wanda ya gaje shi daga kakan daji ya fi kitse, ya fi jinkirin girma.

Lura, yanki aka gano. Kamar a nuna maka unguwa ne ba a nuna maka gidan ba, don yanki ɗaya kan ƙunshi ɗaruruwan ƙwayoyin gado.

A wasu wuraren an kai ga ainihin ƙwayar. A 2003 an gano cewa sauyin harafi ɗaya tak a rubutun gado na ƙwayar da ake kira IGF2, a kuromosom na 2, yana ƙara tsoka da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Abin mamakin, kwafin da aka gada daga uba ne kaɗai ke aiki. Akwai kuma MC4R a kuromosom na 1, mai alaƙa da yawan ci. A mutane ma lalacewarta na jawo ƙiba.

Wadda na fi so ka riƙe ita ce RYR1, da aka gano sauyin da ke cikinta a 1991. Masu kiwo sun yi ta zaɓen aladu masu tsoka, ashe tare suke yaɗa wani sauyi da ke sa dabbar ta faɗi matacciya idan ta firgita ko zafi ya matsa mata, namanta kuma ya koɗe ya yi ruwa-ruwa. Da gwajin jini ya samu, aka fara tsame masu ɗauke da shi daga garken haihuwa.

Tun da aka wallafa cikakken kundin gadon alade a 2012, hankali ya koma kan duba dubban alamomi lokaci guda don a kimanta darajar dabba tun tana ƙarama. Ko ba ka da niyyar kusantar alade, ka koyi lissafin, domin da shi ake zaɓen bijimai a garken shanun madara na Amurka da Turai.