Amsa: Me ya sa finafinan da ake nunawa a bukukuwan fim na Turai ke tafiyar hawainiya?

Malam, ka ce ka gwada biyu barci ya ɗauke ka, kana tambaya ko laifin fim ne. Sau da yawa yadda ake kallon ne matsalar.

Fim ɗin kasuwa yakan sauya hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, kiɗa kuma na faɗa maka inda za ka ji tausayi. Waɗannan kuwa sai a kafa kyamara minti biyu ba yanka, ba kiɗa, a bar maka iska da takun ƙafa da shirun mutane. Rabin labarin a sauti yake, don haka sifikar waya na kashe shi. Sa abin kunne. Ka guji kwafin da aka turo ta WhatsApp, matse shi da ake yi na dagula wuraren duhu har fuska ta ɓace. Kuma a zama ɗaya ake kallo.

Fara da gajere. Dahomey na Mati Diop bai kai minti 70 ba, kan kayan sarauta 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2024. Muhawarar ɗaliban jami'a a cikinsa ita ce ƙashin bayansa. A ganina ma Zinder na Aïcha Macky ya fi dacewa da kai: matasan unguwar Kara-Kara ta garin Zinder ne ke magana da Hausa, idonka zai huta da karanta fassara ya koma kan fuskokinsu.