Amsa ga mai tambaya kan "Warm regards"

Ƙanwata, kin ce malamarki Baturiya tana rufe saƙon imel da "Warm regards", kina so ki san ko da wata manufa a ciki, da kuma abin da ya raba warm da hot. Na yi shekara huɗu ina karatu a birnin Leeds na Ingila, kuma kalmomin nan sun taɓa ba ni kunya, don haka bari in sa baki.

Kwantar da hankalinki, sallama ce kawai ta ƙarshen wasiƙa. Ta ɗan fi "Kind regards" nuna sabo, shi ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne mu Hausawa da Turawan Ingila mun yi hannun riga a kan zafi da sanyi. Mu rana ce ta dame mu, shi ya sa alheri a bakinmu sanyi ne. Baƙo ruwan sanyi ake fara miƙa masa, ɗa nagari sanyin idon iyayensa ne, mai haƙuri kuma a ce mai sanyin hali. Su kuwa hunturu ne ya gallabe su, sai ɗumi ya zama abin so. Mai fara'a a wurinsu warm person ne, kyakkyawar tarba kuma warm welcome. Ni ban san haka ba. A shekarata ta farko aka raba mana takardar faɗin ra'ayi kan malamai, na tashi yabon wani dattijo da bai taɓa ɗaga mana murya ba, na rubuta "He is a very cold man". Allah ya taimake ni wata 'yar ajinmu ta leƙo, ta zaro ido ta ce me bawan Allahn nan ya yi mini? Ashe na kira shi mara tausayi, wanda ba ya sakin fuska. Calm ko gentle ya kamata in sa.

Ko a maganar yanayi awonmu ba ɗaya ba ne. Digiri 20 a jaridarsu warm ne, har ki ga an fito sheƙe aya a filin shaƙatawa. Digiri 12 a watan Disamba mild suke cewa, wato ba wani sanyi ba ne, alhali a Kano da an kai nan kowa ya nemi bakin murhu. Ranar 19 ga Yuli 2022 da zafi ya kai digiri 40.3 a ƙauyen Coningsby na Ingila, karo na farko ke nan da Birtaniya ta haura 40, har jiragen ƙasa aka dakatar. Mutumin Sakkwato kuwa abin da yake sha ke nan duk watan Afrilu.

Hot ita ce mai wuyar sha'ani. Wani wurin ta dace da namu: heated argument muhawara ce mai zafi, hot-tempered mai zafin rai ne. A gidan abinci tana iya nufin yaji, don haka ki tambaya kafin ki ce a kawo. Amma kada ki kuskura ki siffanta mutum da ita a rubutu, don nufinta shi ne mai tayar da sha'awa, kuma "hot greetings" babu ita a Turanci sam, ko da yake na sha ganinta a wasiƙun 'yan makaranta.

Sai lukewarm, wato ɗumi-ɗumi. Mu idan muka ce labari da ɗumi-ɗuminsa, yabo ne, sabo ne fil. Su kuwa lukewarm response amsa ce ta sama-sama, an karɓa ba da son rai ba. Idan malamarki ta ce an yi wa shawararki irin wannan tarbar a taro, to ki koma ki sake aiki.

A takardar neman aiki ko tallafin karatu ki tsaya kan "Yours sincerely" ko "Kind regards". Ita malamar kuwa, tunda ita ta fara, ki mayar mata da "Warm regards" ɗinta babu komai.