Ka riƙa fita da ita, ƙanena, amma sallama ce a gaba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka sayi kyamara ta hannu, ga ta nan a akwati ba ka ɗauko ta sai ranar biki ko suna, kana son jin ko ya dace mutum ya riƙa fita da ita kullum, ko kuwa wayar aljihu ta wadatar. Ni a nan Garwa ta arewacin Kamaru nake, kuma na fi shekara goma ba na barin gida sai da tawa, in ban da zuwa masallaci ko jana'iza.

Abin da ya sa na fara shi ne wani dattijo mai gyaran taru a bakin Binuwai, kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa. Kullum da sassafe nakan bi ta wurinsa, mu gaisa, in tsaya kallon yadda yake maƙale zaren da babban yatsan ƙafarsa yana ɗinki. Kullum kuma sai in ce gobe zan zo da kyamara. Ana nan ambaliyar 2012 ta zo ta share rumfarsa, ya koma ƙauyensu, ba a jima ba Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in babban ɗansa ya same ni har gida, ya ce tunda ni mai ɗaukar hoto ne kuma Baba ya saba da ni, ko akwai hotonsa a wurina, don jikoki su san fuskarsa. Wallahi ko ɗaya babu. Ina da hoton amare da angwaye fiye da yadda zan ƙirga, amma mutumin da nake gaisarwa kowace safiya ban taɓa ɗaukarsa ba. Har yau abin yana min ciwo.

Shi ya sa nake ce maka ka fita da ita. Biki da hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, kowa ya san ranarsu, kowa zai zo da shiri. Abin da ke kuɓuce wa mutum shi ne wanda ya saba gani: mai shayin unguwa, bishiyar darbejiyar da za a sare a gina shago, mahaifiyarka tana tankaɗe a tsakar gida. Ranar 11 ga Janairun 2022, da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a gasar cin kofin Afirka, a filin wasa na Roumdé Adjia da ke nan Garwa, ban shiga ciki ba. Ina waje wurin wani mai tsire da ya kara rediyo a kunne lokacin da Iheanacho ya jefa ƙwallon, ya ɗaga wuƙarsa sama yana ihu, hayaƙi ya lulluɓe shi. A duk hotunan da na ɗauka a gasar nan babu wanda nake so kamarsa, kuma na same shi ne kawai don kyamarar tana kafaɗata.

Game da waya, gaskiya in da hasken rana kuma abu yana kusa, tana yin aiki mai kyau. Inda take gazawa shi ne bayan magariba, ko doki a guje, ko dorina can tsakiyar kogi. In ka jawo hoton sai ya farfashe. Ban da haka, da ka ciro ta sai ga saƙon WhatsApp, hankalinka ya bar titi. Kyamara kuwa aikinta ɗaya ne, kuma riƙe ta yana sa ido ya koyi lura da haske. Za ka gane da kanka cewa na bayan la'asar da na hantsi sun fi na tsakar rana taushi a fuskar mutum.

Amma kada ka ɗauki kaya mai nauyi, sati biyu za ka gaji ka mayar da ita akwati. Gilashi ɗaya, wato lens ɗin da ake ɗaurawa a bakin kyamara, ya isa, 35mm ko 50mm, sai batir na biyu da katin ajiye hoto na biyu. Ka sa ta a tsohuwar jaka marar tambari, ka ratayo ta gicciye zuwa gaba in za ka hau moto, ba a baya ba.

Babban abokin gabarmu a nan ƙura ce. Hazon hunturun nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi laushinsa kamar gari, babu inda ba ya shiga. Kada ka sauya gilashi a waje. In ya zama dole, ka shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi da sauri. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga, domin ƙurar tana kankare gilashi. Ka nemi ɗan abin hura iska na roba. In kana son sanin ko ƙura ta kai kan farantin da ke karɓar haske a ciki, ka matse ƙofar hasken zuwa f/16 ka ɗauki sararin sama, ɗigo-ɗigon za su bayyana. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar ta cikin mota ko a rana, batir yana lalacewa. Da damina kuma fumfuna ce ke kama cikin gilashi, sai ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi cikin jakar.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina shi ne mutane. Ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai matan aure da ba za a ji daɗin ganinsu a Facebook ba, akwai almajiri da mabaraci da talaucinsu ba abin nunawa ba ne. Wanda ya ce a'a, ka sauke ta ba tare da gardama ba. Wanda ya yarda, ka nuna masa a allon kyamarar, in da hali ka wanke hoton ka kawo masa. Na ga tsohuwar da ta riƙe nata da hannu biyu tana hawaye, ta ce rabonta da hoto tun na katin shaida. Kuma in ana ganinka da ita kullum, 'yan unguwa sukan saba, su daina gyara tsayuwa, a nan ne fuskokinsu na gaskiya ke fitowa.

Barikin soja, filin jirgin sama, gada, shingen jandarma da gine-ginen gwamnati, ka bar su kwata-kwata. In za ka yi hanyar Marwa zuwa Mora da Waza, inda tsaro ya tsananta saboda Boko Haram, ka rufe ta a jaka tun kafin ku iso shinge, katin shaidarka yana aljihu.

Kowace Juma'a da dare nakan kwashe hotunan zuwa wuri biyu, in rubuta kwanan wata da sunan wurin, don kati yana mutuwa ba sanarwa. Kai ma ka fara a satin nan da dattijan gidanku. In kana Garwa ranar Lahadi, ka yi min magana mu tafi kasuwar Pitowa tare da sassafe, kafin rana ta take.