Shin da gaske akwai injin nukiliya a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Samaru nake zaune, kuma na sha jin wai akwai injin nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello. In gaskiya ne, me ya sa muke kwana cikin duhu? Sannan babu haɗari ga mu maƙwabta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Injin yana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar, wadda ake kira CERT. Sunansa NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ne, kuma ya fara aiki a 2004.

Sai dai ba na wutar lantarki ba ne. Ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne, wato abin da dutsen guga talatin za su ja in an kunna su lokaci guda. Wannan ɗin ma zafi ne kawai, ba a haɗa masa abin da zai mayar da shi lantarki ba. Ko layinku ɗaya ba zai ɗauka ba.

Aikinsa awo ne, kuma nan nake so ka tsaya. A ce an kawo ɗan garin dutse daga ramin masu haƙar ma'adinai, ko ƙasar gona, ko takin zamani, ko hatsi. Sai a ƙulle ɗan kaɗan cikin 'yar roba, a tura shi kusa da zuciyar injin. Ƙananan ƙwayoyin da ake kira niyutiron su ratsa shi, da yawa daga cikin sinadaran da ke ciki su soma fitar da wani haske da ido ba ya gani, kowanne da irin nasa, kamar yadda kowa ke da zanen yatsansa. Na'ura ta karanta, a san ko akwai zinariya, ko yuraniyom, ko guba irin su asenik, da kuma yawansu. Ƙasar da jama'arta ke haƙa da hannu, suna daka dutse a tsakar gida kusa da tukunyar tuwo, tana matuƙar buƙatar irin wannan awo. Abin da ke damuna shi ne sakamakon ya fi tsayawa a kundin digiri, bai cika isa ga manomi da mai haƙa ba.

Batun haɗari kuwa, zuciyar injin ba ta wuce girman bokiti ba, tana nutse can cikin ruwa mai zurfi da ke tare haske mai cutarwa da take fitarwa. An ƙera shi ta yadda in ruwan ya ɗau zafi, ƙarfinsa ke raguwa da kansa. A 2018 aka cire makamashinsa na farko, yuraniyom da aka tace zuwa kashi 90 cikin ɗari, aka mayar da shi Sin, aka sa wanda bai kai kashi 20 ba, irin da ba ya yin makami. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya ce ke ba shi lasisi, jami'an hukumar makamashin nukiliya ta duniya kuma suna zuwa dubawa. Ka kwana da iyalinka hankali kwance.